Muryar Iya Dije a Kaset

Bayan rasuwar mahaifinmu, Inna ta kwashe mu muka koma gidan iyayenta a Daddara. A can na san daɗin tatsuniya. Idan an ci tuwo an yi isha'i, kakarmu Iya Dije za ta jawo tabarma kusa da murhu, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta. Daga wani ƙauye kusa da Maradi aka kawo ta aure, kuma har ta tsufa harshenta bai baro can ba. Ni take fara tsokana.

"Maigida, yau ma babu cefane, amma kai ne a gaba wurin tatsuniya?"

Sai mu yi dariya, ta iza wuta, ta ce, "To, ga ta nan tafe, ku buɗe kunnuwa."

Kawu Ilu, ƙanen Inna, direba ne tsakanin Jibiya da Maradi. Wata rana ya dawo da kyamarar bidiyo ta hannu, mai cin ƙananan kaset. Ya ɗauki suna, ya ɗauki biki, har motarsa ya ɗauka. Da ya saita ta kan Iya Dije tana tatsuniya, sai ta ja mayafi.

"Ilu, kawar da abin nan, ni ba amarya ba ce."

Ya ɗora ta kan turmi kamar ya haƙura, alhali bai kashe ba.

Shekaru suka ja. Iya Dije ta rasu, Kawu Ilu ya bi ta a haɗarin mota. Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, muka dawo cikin Jibiya da abin da hannu ya iya ɗauka. Kaset ɗin suna ƙasan adakar Inna, a naɗe cikin tsohon zane. Ba wanda ya taɓa kunna su, don gudun kada su lalace.

Bara ciwo ya kwantar da Inna. Ina zaune gefenta da hantsi ta ce, "Habu, fuskar Iya ta ɓace mini. Ina rufe ido in neme ta, ba ta zuwa." Ba mu da hotonta ko ɗaya.

Na kai kaset ɗin shagon Malam Bashir, mai ɗaukar bidiyon biki kusa da tasha. Ya ɗaga ɗaya ya duba a haske, ya girgiza kai. Fumfuna ta yi fari a jikin zaren.

"Da kun riƙa kunna su, da ba su kai haka ba," in ji shi.

Ya goge abin da zai gogu a hankali. Kyamarar Kawu ta daɗe da mutuwa, sai da ya aro irinta daga wani abokinsa a Maradi. Ya haɗa ta da kwamfuta da waya, ya ce dole kowane kaset ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe, ba a gaggauta shi. Muka zauna muna kallon ruwa-ruwa a allon kwamfutar. Suna ya tafi, biki ya tafi. Can sai na ji tari, sannan muryar da na sani ta ce mu buɗe kunnuwa. Na matsa kusa. Amma allon baƙi ne, sai jan garwashi da hannu ɗaya yana motsi. Fuska ba ta fito ba.

Ya tura mini a wayata, na nufi gida.

"Inna, murya ce kawai."

"Kunna," ta ce.

'Ya'yana mata suka matso. Iya Dije ta ba da labarin wata mata da ta bar wa 'ya'yanta biyu waƙar daka kafin ta mutu. Babbar ta rera tata cikin gora, ta toshe da ƙullin tsumma, ta rataye a ɗaka don kada kowa ya sace. Ƙaramar kuwa kullum tana rerawa a bakin turmi, har maƙwabta suka ɗauka. Ranar da kewa ta ishi babbar, ta sauko da gorar, ta kama tsumman za ta cire.

Nan kaset ya yanke. Ina jin batir ne ya ƙare wa Kawu.

 Sai Inna, idonta a rufe, ta ci gaba da muryar da ƙyar take fita: "Ta buɗe, ba komai sai iska. Ta zauna tana kuka. Sai ta jiyo waƙar daga bayan danga, yaran unguwa na rerawa. Tatsuniya ta sauka nan." Hawaye na bin kuncinta. Ban tambaye ta ko fuskar ta dawo ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta rasu kafin kakar bana.

Muna yara dariya muke yi wa babbar, muna ce mata marowaciya. Yanzu na gane ba rowa ba ce. Uwa ta rasa, ta ji tsoron rasa ɗan abin da ya rage, sai ta ɓoye shi har ya mutu a hannunta. Mu ma haka muka yi, kuma da so muka yi. Shi ya sa ba na iya yi mata dariya kuma. Idan 'ya'yana suka ce in ba su labarin, ina zuwa wurin gorar sai in kasa ci gaba, babbarsu ce ke ƙarasa mini.