Kawu a Layi na Huɗu

'Yan Filifin ɗin kamfaninmu da ke unguwar Ulaya a Riyad ne suka koya mana softbol, irin wadda ake cillo ƙwallon a hankali, a buga da sanda, a zagaya tasha uku a dawo gida. Kowace Juma'a bayan La'asar muke haɗuwa a wani fili can bayan unguwar Badi'a, kuma kowace Juma'a sai sun lallasa mu.

Dalili kuwa a fili yake. Mu da shekaru muke jera masu bugu, kamar zaman cin tuwo. Kawu ne na farko, dattijon direban da ya karɓi kusan dukkanmu ranar da muka sauka Riyad. Yana da hannu, amma gudu sai dai a yi haƙuri. In ya isa tasha ta farko ya tsaya yana haki, samarin da ke bayansa sun maƙale ke nan.

Da aka ɗora mini tsara layin, sati guda ban samu sukuni ba. Ina tuƙi ina jera mutane a kai, in rushe, in sake. Sau biyu na wuce kwanar ofis. Na san inda ya dace da shi, amma tsoro nake ya ɗauka raini ne ya daina zuwa. A filin nan kaɗai nake ganin dariyarsa, mutumin da ya yi shekaru bai leƙa Katsina ba.

Ranar Juma'ar na daure na ce, "Kawu, yau kai ne na huɗu."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yara uku a gabana? Khalas, shi ke nan, ba ni takalmina in tafi."

"Ba gabanka suke ba, Kawu. Tura su za mu yi su jira a tasha. Kai za ka dawo da su gida."

Ya koma ya zauna. Ni kuwa na kasa zama, sai kai da komo nake.

Allah ya taimake ni, ukun duka suka samu tasha. Kawu ya tofa yawu a tafi, ya maka wa ƙwallon sanda, ta tsallake kan kowa. Samarin suka kwaso a guje ɗaya bayan ɗaya. Shi da ƙyar ya kai tasha ta farko, ya dafa gwiwa, yana kora su da hannu.

"Yalla, ku je gida!" yake cewa. "Ku je, ina nan tafe."