Diron ɗin Sabi'u yana ƙarƙashin teburina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina buɗe shago aka kira ni, wai Sabi'u ya rasu. Hatsarin babur, a hanyarsa ta dawowa daga Bunkure.



Ga waɗanda ba su san shi ba, Sabi'u abokin sana'ata ne a nan Kura. Shi ke ɗaukar bidiyo, ni ke gyarawa. In ka taɓa ganin hoton gonakin shinkafarmu daga sama, kore shar, kanal ɗin ban-ruwa ya ratsa tsakiya, to aikinsa ne.

Da tsohon diron muka fara, wato jirgin nan mai kamara da ake sarrafawa daga ƙasa, wani ɗan ƙarami da iska kaɗan ke kaɗawa. Hotonsa dishi-dishi, ba ka bambance mutum da buhu. Ana shiga noman ranin bana ya sayo sabo, babba. Na yi ta tsokanarsa cewa ko ranar aurensa bai washe baki haka ba.

Ranar gwaji muka je bakin kanal wajen Bunkure. Abin ya tashi ya tsaya cak a sama kamar an kafe shi. Sabi'u ya jawo hoton, sai ga tumatir a kwando ɗaya bayan ɗaya, alhali gonar ko hango ta ba ma yi. Na rikice da murna, ina ta cewa ƙara jawowa.

Ya ƙara. Hoton ya zarce gonar ya faɗa tsakar gidan wani. Wata baiwar Allah tana zaune ana yi mata kitso, kanta a buɗe, hankalinta kwance a cikin gidanta.

Sabi'u ya kife tafin hannunsa a kan allon da muke kallon hoton. Ya sauko da diron ɗin ya goge bidiyon. Sannan ya ce, "Tashi mu je mu ba mai gidan haƙuri."

Na ce, "Haba Sabi'u, wa ya sani?"

Ya ce, "Ni na sani."

Muka je muka yi sallama. Dattijon ya fito, ya saurare mu, ya daɗe yana kallon sama. Ya ce, "Yanzu katangar da na gina ba ta da amfani ke nan?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Tun daga nan diron ɗin bai sake bi ta kan gidan kowa ba. In gona na kusa da gari, sai ya fara gaya wa mai unguwa a sanar da gidaje. Ni kuwa haushi nake ji, don aikin awa ɗaya sai ya cinye mana yini. Har Liman nake ce masa.

Amma da diron ɗin ya gano wa wani tsoho inda kanal ya fashe ruwa ke zurarewa, shinkafarsa na bushewa. Da shi ya nemo wa wani Bafulatani saniyarsa da ta ɓace. Ko ruwa bai sha a hannunsu ba.

Shekaranjiya ne ganinmu na ƙarshe. Ya shigo da jakar diron ɗin ya tura ƙarƙashin teburina, ya ce in sa masa batir a caji. Har ya hau babur ya waiwayo: "Kada ka ba kowa aro, ko waye. Abin nan ba shi da kunya, mai riƙe da shi ne zai ji masa."

Jakar tana nan, ƙafata na taɓa ta. Batir ya cika.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ko makabarta ba mu bari ba wayata ta yi ƙara. Wani mutum ne da ya taɓa neman Sabi'u ya ɗaga masa diron a kan gidan maƙwabcinsa da suke rigima, Sabi'u ya ƙi. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce in za a sayar, a tuna da shi.

Ba nawa ba ne da zan hana. Kayan magada ne, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, kuma dole a sayar. In an yi sadakar uku zan kai wa yayansa, in ba shi labarin nan kamar yadda na ba ku, in roƙe shi a duba hannun da za a miƙa wa. Ban san ko za a ji maganata ba. Tsoro nake ji, wallahi. Gidajen Kura duk a buɗe suke ta sama, har da wanda 'ya'yansa za su tashi a ciki.

Ya Allah, Sabi'u ya rufe allon nan da hannunsa a ranar da babu mai ganinsa sai Kai. Ka rufa masa asiri a kabarinsa da ranar tsayuwa, Ka gafarta masa, Ka raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da jakar nan, Allah Ya kai ta hannun mai kunya.