Karsanar Da Ba Ta Kai Hannun Dakta Kyasiimire Ba

Shekara da shekaru ina tambaya, a coci, a kasuwar shanu, a ƙofar asibitin koyarwa: me ya sa kyautar da aka kawo wa mace take ƙarewa a hannun namiji? Ba wanda ya kula ni, har na gaji. To, ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsugune ina tatsa, na ji a sanarwar rasuwa ta rediyo cewa Dakta Edrida Kyasiimire, likitar ciwon daji, mai koyar da ɗaliban likita, ta riga mu gidan gaskiya bayan gajeriyar jinya. Ban ƙarasa tatsar ba.

'Yata, Edrida, ni ne Erinesti Kabagambe, tsohon nan mai sanda da kika ce ya fi kowa rigima a ɗakin jinyar mata. Ban yi makaranta ba, amma ina da ido.

Lokacin da na kawo matata Jenina da sankarar mama, ke kika duba ta, ke kika zauna bakin gadonta kina yi mata bayani da harshenmu. Da gashinta ya fara zuba, ta juya ta fuskanci bango ta ce ita da magani har abada. Kika kwance ɗankwalinki kika ɗaura mata, kika ce, "Mama, naki zai dawo. Sanƙon wannan tsohon naki ne ba shi da magani." Ran nan na ji dariyarta bayan na cire rai. Ta tashi, ta koma gida, har ta goyi jikokinta kafin Allah ya karɓi abinsa.

A wajenmu wanda ya dawo maka da rai, saniya ake ba shi. Na zaɓi jar karsana, mafi kyau a garkena. Dattawan danginmu suka ce, "Erinesti, tsufa ya taɓa ka? Ina ka taɓa ganin mace da garke? Kai wa mijinta." Na ce ba mijinta ne ya wanke ciwon Jenina ba. Ke kuwa da na gaya miki, kika ce za ki sayar da ita ki zuba mai a mota, ki shiga ƙauyuka ki gwada mata tun cutar ba ta ci jiki ba, ki rubuta abin da kika gano.

Ranar taron neman tallafi na asibitinku na ga abin da har yau yake cin raina. Wani attajiri wanda ke kika yi jinyar uwarsa ya ba da gini, aka sa wa ginin sunan Farfesa, shugaban sashenku. Wani ya ba da na'urar bincike, ita ma Farfesa. Ke kuwa mata suka jere miki ayaba da ƙwai da man shanu, wasu ma suna kiranki nas. Da aka zo kaina, mai gabatarwa ya zare igiyar karsanar daga hannuna ya danƙa wa Farfesa, aka ɗauki hoto, aka tafa. Na ɗaga murya har masu gadi suka taso. Kika riƙe hannuna kika ce, "Baba, bari. Ni da nake gidan haya, a ina zan ɗaure ta, a kan gado?" Kin yi dariya, amma ban yarda da dariyar ba.

Ban ce Farfesa ɓarawo ba ne, likita ne nagari. Amma da aka miƙa masa, bai ce ba tasa ba ce. Ƙauyukan kuwa kin ci gaba da zuwa a bayan babur, ruwa da rana, daga aljihunki.

Allah ya jiƙan ki, 'yata, ya ba ki hutun da duniya ta hana ki. Ya ba mijinki Yosamu da 'ya'yanki da tsohuwarki haƙuri, ya dubi matan da suke kwance suna jiran shigowarki.

Yanzu karsana ɗaya ta rage mini. Na ware ta domin Dakta Atukunda, wadda kika koyar, wadda aka bar wa ɗakin majinyatanki da tafiye-tafiyenki. Ƙafafuna ba za su kai ni birni sau biyu ba, kuma ba ni da wata da zan yi asara. Saboda haka shugaban asibiti, ko Farfesa, ko duk wanda yake da baki a cikinku, ya fito ya amsa mini tun ina numfashi: in na jawo ta har ƙofarku, a hannun wa za ku sa igiyar?