Gwiwoyin Kaka da Ƙullin Madam Noi

Wata Laraba ce cikin watan Janairu, shekarar da na cika tara, ranar da ba mu zuwa lakwal, wato makaranta. Ƙanƙara ta lulluɓe motocin da ke ƙasan benenmu na Minguettes, a gefen birnin Lyon, sanyi kuma ya hana mu fita wasan tsallen roba da muka saba yi a bakin ƙofa. Ina kwance rub da ciki ina aikin gida, Kaka tana kishingiɗe jikin ƙarfen ɗumama ɗaki ta naɗe ƙafafunta da bargo, sai muka ji wani sauti yana ratso bango, tim, tim, tim. Kaka ta tashi zaune kamar wadda aka kira sunanta. Ta kasa kunne, ta ɗaga mini yatsa kada in yi motsi, sannan ta ce, "Balki, wannan daka ne. Ashe akwai mace a gidan nan." Na ce mata ai mata sun fi a ƙirga a benen, ta ce ita dai sai yau ta ji ta farko.

A benen nan ba a daka. Turmin da Mama ta sha wahalar ɗaukowa daga Damagaram ya koma kujerar tsakar ɗaki, don da zarar taɓarya ta sauka, maƙwabcin ƙasa zai fara dukan silinsa da sandar tsintsiya. Da inji Mama take markaɗa kayan miya, Kaka kuwa kullum sai ta ce miyar inji ba ta da kunya ba ta da ɗanɗano. Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Ya ɗauko ta ne don likitoci su duba gwiwoyinta da suka cinye, suka ba ta ƙwayoyin da ke tayar mata da ciwon ciki, suka kuma yi maganar aiki, ta ce da gwiwar da Allah Ya ba ta za ta koma gare Shi. Ba tafiya ce ta dame ta ba, don ba ta da inda za ta. Sujada ce. Tun tana yarinya take kai goshinta ƙasa, ga shi yanzu sai ta dafa bango, ta ciji leɓe, ta sauka da ƙyar, tashi kuma sai Mama ta kama ta. Baba ya sayo mata farar kujerar roba, ya karanto mata cewa addini ya yarda, ta ce ta ji, amma ta rataya tawul ɗinta a kai.

Ranar nan Kaka ta sa na ɗauko mata sandarta, muka bi sautin har ƙofar da ke kallon tamu. Wata ƴar ƙaramar tsohuwa ce ta buɗe, taɓaryar dutse a hannunta, fuskarta cike da tsoro don ta ɗauka ƙorafi muka kawo. Sunanta Madam Noi, mutuniyar Tailan ce, mijinta Bafaranshe ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Tun kafin in gama haɗa Faransancin gaisuwa, Kaka ta riga ta wuce ta tana bin ƙamshi da hanci. A ƙasan kicin ɗin akwai turmin dutse bisa ninkakken bargo, dabarar da ta hana maƙwabcin ƙasa ji. Kaka ta sa hannu ta ɗibi abin da ke ciki, ta shinshina, ta fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaishe da dangi: kurkur, ɓawon lemun tsami, ganyen tsamiya, kafur, gishiri, ciyawar shayin da muke ce wa sitronel. Abu ɗaya ne ya gagare ta, wata saiwa mai kama da citta amma ta fi ta kaifin ƙamshi, wadda Madam Noi ta ce a ƙasarsu plai ake ce mata.

Madam Noi ta dubi sandar, ta dubi gwiwoyin, ba ta tambayi komai ba. Ta juye dakan cikin farin ƙyalle, ta ƙulle shi tamau ya zama kamar curin fura mai mariƙi, ta ɗora shi a kwandon da take turara shinkafa, wanda Kaka ta ce madambaci ne ya je ƙasar waje. Da ya yi zafi ta gwada shi a bayan hannunta, ta durƙusa, ta shiga gasa wa Kaka gwiwoyi, tana dannawa tana ɗagawa, ruwan kurkur yana barin rawaya a fatar. Kaka ta lumshe ido tana salati a hankali. Ni kuwa hankalina yana kan gwangwanin alewar da ke bisa firij.

Haka muka cinye sanyin shekarar nan. Da na dawo lakwal in ajiye jaka, in wanke kwanuka, in sauke shara, in raka Kaka ƙetare. Da farko ni ce tafinta, ina kwasar Hausar Damagaram ina zubawa cikin Faransancin Madam Noi mai guntun ƙafa, amma ba a daɗe ba suka sallame ni. Kowace sai ta yi ta zuba da harshenta, ɗayar tana gyaɗa kai, su kwashe da dariya a wuri ɗaya, ni da nake jin rabi ban san abin dariyar ba. Kaka ta karɓi dakan, ta ce hannun Madam Noi ba shi da nauyi. Tana kiranta Ƙawa, tana aika mata tuwo da miyar kuka, kwanon ya dawo da mangwaro yankakke. Ni kuma na samu ƴanci, ina zamiya da safa a dogon barandan tare da yaran Larabawan hawa na sama har sai an leƙo an kore mu. Wata la'asar ina shigowa na tarar da Kaka a kan darduma, goshinta a ƙasa, ba bango ba Mama. Ta daɗe a sujadar nan har na fara jin tsoro. Da ta sallame ta kalle ni ta ce, "Me kike kallo, ba ki taɓa ganin mai salla ba?" amma mayafinta a jiƙe yake.

Baba ɗan kasuwa ne, tsofaffin firij da tayoyi yake turawa gida, rabin mako yana Paris rabi yana hanya. Ya san mahaifiyarsa tana shiga wurin maƙwabciya, ya kuma ga sauƙin, har ya taɓa kawo wa Madam Noi dabino. Wata Jumma'a ya dawo da wuri, ya ƙetara da kansa ya gaishe su, ƙofar kuwa a buɗe take. Abin da ya gani abu ne da ni da Kaka muka saba gani har muka daina lura. Kafin ta turara ƙullin, Madam Noi takan durƙusa gaban wata ƴar kanta mai furanni da turaren tsinke da ƙaramin mutum-mutumi, ta haɗa tafukan hannunta a goshi, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ƙullin yana ajiye a gabanta. Baba bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ta, ya kama hannun Kaka ya dawo da ita gida, ya durƙusa a gabanta kamar yadda ya saba, ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Ba za a nemi yi wa Allah sujada da maganin da aka kai gaban gunki ba." Kaka ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne, ba ta kuma jayayya da shi a gidansa. Ta dubi bango ta ce, "Ni dai ganye na gani." Daga nan ba ta sake ƙetarawa ba.

Mama ta yi iya ƙoƙarinta. Ta gasa mata da tawul da ruwan zafi, ta markaɗa citta da kurkur a inji, amma ƙullin nata yakan kwance, ruwan ya huce tun kafin a gama gwiwa ɗaya, ga jaririnta yana kuka a baya. Sau da yawa muna buɗe ƙofa mu ga farin ƙulli cikin leda a rataye jikin mariƙi, Mama ta mayar da shi da dogon ban haƙuri, har Madam Noi ta gane ta daina. Muka ci gaba da jin dakan ta bango, Kaka kuma ta daina kasa kunne, sai ta ce in ƙara muryar talabijin. Gwiwoyin suka koma gidan jiya. Wata safiya ta sauke tawul ɗinta daga kan farar kujerar, ta juya ta gabas da kanta, ta zauna ta ta da kabbara. Da ta zo sujada ta sunkuyar da kai cikin iska, babu abin da ya tare goshin. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar nan ba, kuma har yau ba na son ganin irin kujerar.

Da bazara ta shigo ta ce a mayar da ita gida. Ranar tafiyar muna jiran asansar, na'urar hawa da saukar bene, da akwatuna sai ƙofar Madam Noi ta buɗe. Ba ta riƙe da komai. Ta zo ta durƙusa a gaban Kaka, ta ɗora tafukanta biyu bisa gwiwoyin ta saman zane, ta riƙe su jim kaɗan. Kaka ta dafa kanta tana sa mata albarka da Hausa. Baba ya juya yana ta danna maɓallin da ya riga ya danna. Kaka ta rasu a Damagaram bayan ƴan shekaru, an ce a kan kujera ta yi sallarta ta ƙarshe. Benen namu kuwa yana cikin waɗanda aka rushe daga baya, ban kuma san inda Madam Noi ta koma ba.

Na karanta ilimin haɗa magani a Lyon, yanzu ina aiki a wata farmasi a unguwar Goutte d'Or ta Paris. Can cikin karatu na ci karo da ƙullin nan, masu bincike na Tailan sun ɗauke shi da muhimmanci, suna gwada shi a kan masu ciwon gwiwa, suna tatsar man plai suna duba yadda yake rage kumburi. Ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye, kuma har yanzu ana muhawara ko zafin ne ya fi aiki ko ganyen. Amma yana rage ciwo da sagewa ga mutane da dama, Kaka kuwa iya abin da take nema ke nan. Na kuma fahimci cewa masu maganinsu sukan fara ne da girmama malaman da suka koya musu. Wannan addinin Madam Noi ne da al'adarta, bai shiga cikin ƙyallen ba.

Bara gwiwoyin Baba suka bi sahun na mahaifiyarsa. Yanzu a sahun masu kujeru yake tsayawa a masallaci, ya dawo gida fuska a murtuke. Na je shagunan mutanen Asiya na sayo kayan, na shimfiɗa bargo a ƙarƙashin turmi, na daka da hannuna a gabansa, na ƙulle, na turara. Ƙamshin na tashi ya ɗago kai, na san ya gane. Ya bar ni na gasa masa gwiwa ɗaya kafin ya ce, "Balki, me kika sa a ciki?" Na lissafa masa. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, Baba. Ya kalli rawayar da ke kan fatarsa, sannan ya ce, "Tsoron Allah na ji. Amma ban tambayi kowa ba." Ban ga laifinsa a lokacin ba, sai na ɗauko ƙullin na biyu.

A da muna da maƙwabciya da turminta a ƙetaren baranda, abin da muka rasa shi ne wanda zai tsaya ya yi tambaya. Yanzu ga bayanin a littattafai, ga kayan a shago, ga ni da takardar shaida, amma tsofaffin nan biyu ba sa nan. Jumma'ar da ta wuce Baba ya kai goshinsa ƙasa a karon farko cikin watanni, ya daɗe bai ɗago ba, ni kuma na san mahaifiyarsa yake roƙa wa gafara, yana kuma neman gafararta. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi motsi ba, kamar yadda Kaka ta taɓa umartata da yatsa.