Shirin da na sauya a kwamfutar makaranta

A shekarun farko na jihar Kebbi na dawo Yelwa, bayan na yi aiki a Yamai da Kumasi da Khartum. Wata sakandare ta samu kwamfuta guda ɗaya, aka ce ni zan haɗa mata tsarinta tunda na taɓa irinta a waje.

Cikin ƙananan shirye-shiryen da suka zo da ita akwai mai kwafar aiki zuwa faifai. Na ga yana da jinkiri. Ina da wani mai sauri da na zo da shi daga Yamai, sai na cire na asalin na sa nawa a gurbinsa, da sunansa. Ban tuna cewa sauran shirye-shiryen da halin tsohon suka saba ba. Shi ana fara gaya masa inda zai ɗauko, sannan inda zai kai. Nawa akasin haka yake.

Sati biyu akawun makarantar tana buga bayanan ɗaliban da za su zauna jarrabawar fita. Ranar Litinin ta danna ajiya. Injin ya ɗauko jerin bara da ke kan faifan ya shimfiɗa a kan na bana.

"Alhaji, waɗannan ai sun gama tun bara," in ji shugaban makarantar, yana nuna allon. "Ko Faransanci injin ya koma ji?"

Ban iya dariya ba. Ranar Juma'a za a rufe karɓar sunaye a Birnin Kebbi, takardun hannu kuma an mayar wa ɗalibai sun tafi hutu da su, wasu can cikin gungu, tsibiran tsakiyar ruwa.

Na ce laifina ne. Ya ce in nemi jirgin ruwa.

Na hau jiragen ruwa a Ghana masu rigar ceto ga kowa. Wannan kwalekwale ne, ruwa na shigowa ta ƙasa, ni kuwa ban iya iyo ba. Kwana uku muna bin gaɓar Ngaski gida gida, muna karɓo takardun.

Mun samu kowa sai yarinya ɗaya. Ubanta ya kwashe iyali sun tafi kamun kifi a ƙasan tafki, ba wanda ya san masaukinsu. Ba ta zauna jarrabawar ba a shekarar. Da suka dawo, ni na je na gaya wa uban da bakina. Yana ɗinkin komar kamun kifi, bai ɗago kai ba har na gama.