Numfashin Maƙwabcina

Maƙwabcina Ba'amurke ne, tsoho kamata, ya yi ritaya daga aikin sito. Shekara da shekaru yana waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinsu, ba don kuɗi ba. Tun da aka yi masa aikin huhu numfashinsa ya gajarta. Ran nan ya tare ni a bakin gareji.

"Alhaji," in ji shi, don haka ya ji jikokina na kirana, "ran Lahadi ka zo cocinmu ka zauna can baya. In ka ji inda nake yankewa, ka faɗa mini in bari. Abokan waƙata kunyata suke ji."

Ban so zuwa ba. Gwiwoyina na ciwo, cunkoson motoci a titin Wendover, hanyar cocin, kuma ya ishe ni. Amma shi ke kai ni asibiti, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba wasa ba ne. Na yi azahar na tafi.

Bencin katako ne, ba tausayi. Waƙoƙin tsofaffi ne na Ingila, kalma ɗaya sai a ja ta kamar ba za a sauke ba. Na ji irinsu a Landan, na ji na Faransanci a Yamai. Can muryoyin sun fi gogewa. Nan malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya, kowa da gajiyar mako a fuska.

Ya taɓa bayyana mini dabararsu: in an ja dogon sauti, kowa na satar numfashi a lokacinsa, don kada a ji giɓi. Na zuba masa ido. Yana sata fiye da rabonsa. Amma duk sanda kafaɗarsa ta ɗaga, na kusa da shi sai su ƙara riƙewa, ba tare da sun dube shi ba.

A wajen ajiye motoci ya ce, "To, alƙali?"

A ƙasarmu da na ce masa da sauran ƙarfi, a wuce wurin. Shi ba ya jin irin wannan magana.

"Na ga kana yankewa," na ce. "Amma ban ji ba."

Ya daɗe yana juya makullin motarsa.

"Likita ya hana ni tuƙi in rana ta faɗi," ya ce. "Gwajin waƙarmu kuwa ran Talata ne da yamma."

Na tuna Wendover. Na ce ya shirya da wuri, ni zan kai shi.