Ganyen Da Muka Kasa Faɗin Sunansa

'Yata tana da shekara huɗu ranar da ta ci ganyen nan. Surukata, Babarbariya ce, ta tsinko shi bakin wani tabki a hanyar Tirmini, ta ajiye a faifai za ta yi kwaɗo. Yarinya ta ji tsami, ta zauna ta ci ɗanye har ta ƙoshi. Kafin azahar sai amai, tana riƙe da ciki, fitsari kuma ya ɗauke.

A likita, wato asibiti, lokotoro ya ce, "Madam, wane ganye ne?"

Na ce yakuwar daji. Surukata ta faɗi sunansa da Barbarci. Wata 'yar garin Droum da ke jinyar mijinta ta sa baki, ta ce su tsamiyar ƙasa suke ce masa. Mata uku, suna uku, kowace tana rantsuwa. Ya buɗe wani ƙaton littafi ya ce nan kowane tsiro sunansa ɗaya ne, na Latin, kuma waɗanda muka lissafa wani abinci ne, wani guba. "Ku kawo mini shi in gani."

Surukata ta sunkuyar da kai. "Na ƙone saura, ɗana. Abin da ya cuci yaro ba ya kwana a gida."

Haushi ya kama ni, amma tsoro ya fi shi ƙarfi. Na bar 'yata a hannunta, na hau kabu-kabu daga unguwar Zango har tabkin da ta kwatanta mini, ina ta salati, ina tunanin ko zan dawo in tarar an lulluɓe ta. Na tumɓuko shi da saiwarsa, da taɓo da komai.

Lokotoro ya jujjuya shi, ya aza yatsa kan wani zane. "Rumex. Ba ya kisa nan take, amma ɗanye da yawa yana taɓa ƙodar yaro. Za mu ɗaura mata ruwa. In ta yi fitsari, mun tsira."

Ban tambaye shi abin da zai faru in ba ta yi ba. Na ɗora ta bisa cinya, surukata na gefe tana jan tasbaha, ba mai kallon wani. La'asar ta yi, ta wuce. Kwalba ta biyu ta kusa ƙarewa sai na ji ɗumi yana bin zanena har ƙafa. Ban motsa ba, don kada ta tsaya.